Kwamfutar da Na Haɗa wa Auta

Ƙanena ya dawo daga hanyar Madani babu lori, babu haƙoransa na gaba, babu abokin tuƙinsa. Dawa suka ɗauko daga wani mashru'i a Simsim, irin manyan gonakin nan da tarakta ke nomewa, za su kai ta yamma, sai masu bindiga suka tare su a shinge. Sau ɗaya ya ba mu labarin, yana zaune a bakin gadon Inna, bai kalli kowa ba. An sauke su, an durƙusar da su a kan kwalta, aka tambayi abokin nasa asalinsa. Amsar ba ta yi musu ba, suka harbe shi a ƙeya. Shi kuma suka sauke masa gindin bindiga a baki, suka ce ya kama hanya da ƙafa ya je ya ba da labari. Ya ce jinin mutumin ya bushe a rigarsa kafin ya sami motar da ta yarda ta ɗauke shi.

Mu biyu Inna ta haifa da suka rayu, ni ne na fari, shi ne auta, kuma da Auta take kiransa har ya yi gemu. Ni ba ta faɗin sunana, sai dai ta ce kai, ko ta yi gyaran murya. Ina da ɗan shago a kasuwar Gadarif, layin masu gyaran waya, ina gyara wayoyi da kwamfutoci, ina zuba wa 'yan ƙwadago waƙoƙi da finafinai idan sun shigo gari. An san ni da saurin fushi a layin, ban kuma taɓa musu ba. Amma fushina na baki ne, in yi ta bambami in huce. Wanda Auta ya dawo da shi na hannu ne.

Da tulun ruwa ya fara, ya sa ƙafa ya fasa shi don wai ɗigarsa ta dame shi. Zakaran Inna ya yi cara kusa da ƙofarsa, ya fito ya murɗe masa wuya, ya jefar a tsakar gida ba yanka ba bisimilla. Mai kurar ruwa da jaki ke ja ya goge shi da kura a lungu, ya fizge bulalar mutumin ya yi ta zabga wa jakin har jakin ya durƙusa, sannan ya juyo kan mai jakin. Ni na je ban haƙuri gidan mutumin, na same shi a kwance da kumburarren ido. Ranar na haɗa wa matata kaya, na tura ta da yara wurin iyayenta a Ƙala'at an-Nahal.

Duk wannan bai tayar wa Inna hankali kamar mu'askar ba. Sansani ne da aka buɗe a bayan gari, ana koya wa maza harbi, a ba su bindiga, a loda su a bayan mota a yi yamma da su. Wasu suna dawowa. Wasu kuma sai dai ka wuce unguwa ka ga an kafa rumfar makoki a ƙofar gidansu. Auta ya soma zuwa yana tsayawa a bakin wayar sansanin yana kallon masu fareti. Wata rana da safe ina ɗaure takalmi, Inna ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Kai. Ka riƙe min shi."

Na ce, "Inna, da me zan riƙe ƙato kamar wannan? Da igiya?"

Ta ce, "Ban sani ba. Kai ne mai iya abubuwa. In ya shiga motar nan ba zai dawo ba, ba don yaƙi zai je ba, mutuwa yake nema."

Abin da na iya shi na yi. A lokacin mutanen da suka gudo daga Hartum sun cika gari, suna sayar da duk abin da suka tsira da shi. Na sami akwatin kwamfuta a hannun wani malamin makaranta, na sami allo a wurin wani, sannan na sami katin shasha, wato katin da ke zana hoton wasa a kan allo, a hannun wani saurayi da ya fito da shi naɗe cikin rigarsa. Tsohon kati ne amma mai ƙarfi, da fankarsa guda a jiki. Na kwance shi, na busa masa iska, na goge shi tas, na mayar. Tunanina shi ne, tunda harbi yake so, to ya yi harbin a ɗakinsa, ƙofa a rufe.

Ɗora wasan sai da ya kusa raba ni da hankalina. Wasan yaƙi ne ƙato, a gutsure aka ba ni shi cikin filasha daban-daban, dole sai an haɗa gutsattsarin wuri guda kafin ya buɗe. Na haɗa, ya ce ɗaya ya lalace. Na koma wurin mai shi, ya rantse da Alƙur'ani nasa lafiya lau ne, na sake kwafowa. Ya fara shiga, zaren nan mai nuna inda ya kai yana tafiya a hankali, ina zaune ina gadinsa kamar mai jiran tukunya, ya kai gab da ƙarshe sai aka ɗauke wuta. Na tashi na zagi wutar da masu ita da kakanninsu, maƙwabcina mai sayar da caja yana ta dariya. Washegari na roƙi mai janareta ya ja min waya. Ya shiga duka, na danna, sai ga wani ɗan saƙo da Turanci wai akwai fayil ɗin da babu. Ashe manhajar kashe ƙwayar cuta ce ta ɗauke shi ɓarawo ta haɗiye. Na kashe ta, na sake daga farko. Wannan karon ya buɗe, sauti yana fita, allo baƙi ƙirin. Direban katin ne, wato 'yar manhajar da ke tuƙa shi, na ɗora sabo alhali katin tsoho ne, ba su jitu ba. Neman tsohon direba da irin intanet ɗinmu da ke zuwa tana ɗaukewa ya ci min kwanaki. Na mari akwatin nan ban san iyaka ba, har tafin hannuna ya yi ja.

Ranar da wasan ya tashi, a raksha, keken nan mai ƙafa uku, na kawo akwatin gida na kafa a ɗakin Auta. Yana kwance ya ba bango fuska. Na kunna, na sa sautin a sama, na fara wasa ban ce masa komai ba. Ni ban iya ba, ana ta kashe ni. Can na ji shi a bayana yana cewa, "Yaya, ta hagu suke zuwa, kai makaho ne?" Na tashi na ba shi kujera.

Abin ya yi aiki, ba zan ɓoye jin daɗina ba. Daga hantsi zuwa la'asar yana gaban allo, sai salla ke ta da shi. Ƙarar bindiga ta cika gidan, gurneti yana fashewa, mutane suna ihu da yaren da ba mu ji, amma tulun da na sake saya yana nan lafiya. Ya koma cin abinci. Har dariya na ji ya yi, da giɓin nan nasa. Inna takan kawo masa jabana, wato gahawa, ta tsaya a ƙofa tana leƙen allon.

Ta tambaye ni, "Mutane yake kashewa a ciki?"

Na ce, "Na ƙarya ne, Inna. Gobe ma za su tashi."

Ta ce, "Tayyib. To su yi ta mutuwa."

Daga nan ta ɗauki akwatin tamkar baƙon da ya zo da alheri. Ta ɗinka masa mayafi, idan Auta ya tafi masallaci sai ta shiga ta share ƙarƙashinsa. Na ce mata kada ta rufe shi yana aiki, ta ce ta ji. Damina ta wuce a haka, baƙar lakar Gadarif ta bushe ta tsattsage, zafi ya dawo, Auta bai leƙa bakin mu'askar ba.

Sai wasan ya fara sarƙewa. Da farko kaɗan ne, hoton ya ɗan yi tuntuɓe ya wuce. Daga baya idan ya ɗan jima yana wasa sai komai ya daskare. Ya auna mutum, ya danna, allo ya tsaya cik, idan ya dawo an riga an kashe shi, jini ya rufe allon. Wani lokaci wasu layuka kore da ja su tsaga hoton, wani lokaci akwatin ya mutu gaba ɗaya. Na dawo daga kasuwa na tarar da linzamin kwamfutar, ɗan abin da yake ja da hannu yana aunawa, a tarwatse a gindin bango. Na kawo wani. Bayan shi ya karya allon maɓallan a gwiwarsa, maɓallan suka watsu har tsakar gida, kaji suna tsattsaga. Akwai ranar da na ga jini a bango daidai tsayin kafaɗa, ga shi zaune ya naɗe hannu da tsumma.

Na yi duk abin da mai gyara ke yi. Na shiga cikin wasan na rage inuwa, na cire hayaƙi, na cire ciyawa, na rage kyan hoton har sojojin suka koma kamar an sassaƙa su da gatari. Ya ɗan yi sauƙi, ya dawo. Na cire direban na mayar. Na zargi ƙwayar cuta, na goge kwamfutar kaf na sake ɗora komai daga tushe, da duk wahalar nan ta filasha. Na zargi wutar gari, na canja mata abin rarraba wuta. Katin kaɗai ban buɗe ba, don ni na goge shi da hannuna, kuma fankar da a da take ɗan ƙara yanzu ta yi tsit, na ɗauka zama ta yi daidai. Ɗakin kullum yana ƙamshin soyayyen riɗi, na ce a raina Inna ce ke yin kantu a madafa.

Wata ranar kasuwa, layi cike da 'yan ƙwadagon da ake ɗiba zuwa girbin riɗi, sai ga Auta a ƙofar shagona. Ina riƙe da ƙarfen narka dalma ina gyaran wata waya.

Ya ce, "Ka ce ka gyara."

Na ce, "Ya zol, kai bawan Allah, ka bari in tashi. Ba ka ga mutane ba?"

Ya ce, "Ka ce ka gyara."

Nan bakina ya ja min. Na ce masa ni ba bawansa ba ne, wasa ne fa, wasan yara, ƙato da shi yana fasa kaya a kan zane. Ban rufe baki ba ya miƙo hannu ta saman kanta ya damƙi wuyan rigata, ya buga fuskata a gilashin. Gilashin ya fashe, na ji hancina ya yi ƙas, jini ya zubo kan wayoyin mutane. Zuciya ta ɗebe ni, na manna masa ƙarfen nan mai zafi a damtse. Na ji ƙaurin fata, amma bai sake ni ba, ko uhum bai ce ba. Sai da maza suka taru suka ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Suna riƙe da shi yana huci, idanunsa a kaina, ya ce, "Ba ka gane ba, Yaya. Ga shi a gabana, na ja kunama, ta ƙi. Sai in tsaya ina kallo. Duk sanda ta tsaya, ni ne a durƙushe a kwalta." Ya fizge jikinsa, ya ce, "Halas, shi ke nan. Bindigar gaske ba ta sarƙewa. Suna ɗaukar sabbi a mu'askar."

Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske, har na manta da hancina. Na toshe shi da auduga, na rufe shago da rana tsaka, na kwashi sukundireba na bi shi gida. Na ce masa ya ba ni yau kaɗai, a gabansa zan buɗe kwamfutar ya ga komai. Ya zauna a bakin gado, damtsensa ya tashi ya yi ruwa.

Na kwantar da akwatin, na cire murfi, na zare katin. Tun kafin in kawo shi kusa da fuska na ji hannuna yana danƙo. Na taɓa fankar da yatsa, ta ƙi juyawa. Wani baƙin abu ne ya cika tsakanin fikafikanta, mai kauri kamar kwalta, ƙura da ƙaiƙayin dawa sun haɗu da maiƙo sun dafe. Maiƙon ya gangara har kan allon katin, ya bi ƙananan ƙafafun nan, wani wuri ya ƙone ya yi ruwan ƙasa. Fankar ba daidai ta zauna ba, mutuwa ta yi, katin yana ta dahuwa a ciki babu mai fifita shi. Na kai hanci, duk da audugar na ji shi. Man riɗi ne. A jikin ragar murfin, daidai saitin fankar, ga ɗan guntun gashin kaza a maƙale.

Babu wanda ya tashi a gidanmu da zai tambayi na wane ne. Inna tana da kwalbar man riɗi, irin na matsar raƙumi, ba ta yarda da na inji ba, da gashin kaza a tsome a ciki. Ƙofa ta yi ƙara, ta ɗiga mata. Keken ɗinki ya yi tauri, ta ɗiga masa. Kunnenka yana ciwo, ta ɗiga maka. Zazzaɓi ya kama yaro, ta mulke shi da shi daga wuya zuwa tafin ƙafa. Da shi ta raine mu, kuma galibi yana yi. Na yi sauri in rufe gashin da babban yatsa, amma Auta ya riga ni gani. Ya zare shi, ya ɗaga shi yana kallo.

Daidai lokacin Inna ta ɗaga labule da tiren jabana a hannu. Ta ga fuskata, ta ga damtsensa, ta ga akwatin a buɗe.

Auta, wanda da Yumma yake kiranta, ya ce, "Yumma, me kika zuba mata?"

Ta ce, "Kuka take yi, Auta. Na taɓa ta na ji jikinta zafi rau kamar mai zazzaɓi. Na ce kada ta mutu ka rasa abin yi. Kaɗan-kaɗan nake sa mata in ka fita, kuma ai ta daina kukan."

Na sha juya abin da ya biyo baya a raina. Na tabbata ba ita ya nufa ba, bango ya nufa. Ya yi wani irin ƙara, ya sunkuci akwatin da hannu biyu ya wurga. Akwatin ya daki bakin ƙofa ya karkato, Inna ta ɗaga hannu ta kare, na ji ƙarar ƙashi. Gefen ƙarfen ya tsaga mata goshi. Tiren ya tashi sama, tukunyar jabana ta fashe, ta zame ta zauna a ƙasa, jini ya rufe mata ido ɗaya yana ɗiga a kan mayafinta.

Ban san sanda na hau kansa ba. Na kai shi ƙasa, na danne ƙirjinsa da gwiwa, na yi ta naushin fuskarsa, hagu da dama, ina jin sauran haƙoransa suna yankar min yatsu. Mutumin da maza suka taru kafin su ɓamɓare shi daga wuyana, ko hannu bai ɗaga ba. Ya saki jiki yana kallon rufi. Da an bar ni, wallahi ban san inda zan tsaya ba. Muryar Inna ce ta tsayar da ni.

Ta ce, "Kai! Sake min ɗa. Zo ka ɗaga ni."

An yi mata ɗinki a asibiti, hannun kuma ta ce maɗori take so, aka kira shi ya ɗaure da karare. Lokacin da yake jan ƙashin ta ciji mayafi, ba ta yi ihu ba. Auta yana tsugune a waje a gindin katanga, fuska a kumbure, bai shigo ba, bai ci ba. Katin kuwa na wanke shi da fetur, na sa masa wata fanka, na gwada a shago. Ya zana layuka kore, ya mutu. Na nemi wani a kasuwa ban samu ba, kuma ko na samu na san ba zai sake zama gaban allon nan ba.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ina ba Inna kunu a baki saboda hannun dama ne ya karye, sai ya shigo da jaka a kafaɗa. Ya ajiye ta a ƙofa, ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban gadon, ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Yumma, zan tafi mu'askar. Wanda ya zubar da jinin uwarsa ba shi da wurin zama a gidanta. Ki yi min afuwa in tafi."

A wurinmu namiji ba ya kama hanya sai da afuwar uwarsa. Direbobi sun fi kowa riƙe wannan, don sun san abin da hanya ke yi. Duk shekarun da Auta ya yi yana tuƙi, bai taɓa tayar da lori ba sai ya zo ya durƙusa a nan, kuma Inna ba ta barinsa ya gama roƙon, take cewa na yafe duniya da lahira, Allah ya kai ya dawo da kai. Mace ce da ko ɓarawon akuyarta ta yafe wa. Na ajiye kofin, na san an gama.

Inna ta dube shi da idon da bai kumbura ba. Ta ce, "Ban yafe ba."

Ya ɗago kai.

Ta ce, "Ka ji ni. Ka karya min hannu, ka fasa min goshi, ban yafe ba. Ga ƙofa nan, ba wanda ya riƙe ka. Ka je su harbe ka, ka tashi gaban Allah da jinina a wuyanka."

Ya ce, "Yumma, alekillah, don girman Allah."

Ta juya fuskarta bango.

Ya daɗe a durƙushe, ƙaton nan da unguwa ke tsoro. Ya tashi ya ɗauki jakar, ya fita tsakar gida, ya tsaya a tsakiyar rana yana kallon ƙofar waje. Ni ma ina kallonta ta labule. Sai ya juya ya shiga ɗakinsa, na ji jakar ta faɗi a ƙasa.

Ya kawo kawunmu, ta ƙi. Ya kawo limamin unguwa, malam ya yi mata nasiha mai tsawo a kan falalar yafiya, ta saurara har ƙarshe, ta sa aka kawo masa shayi, ta ce ta gode amma ba ta yafe ba. Matan unguwa suka soma magana, wai tsohuwa ta yi taurin zuciya, wai tsautsayi ne kowa ya sani. Motocin mu'askar suka ɗebi sabbi suka wuce ta bakin titinmu suna waƙa, Auta yana ɗaki. Da girbi ya kankama ya ɗauki lauje ya bi 'yan ƙwadago Simsim yankan riɗi, aikin da a da yake raina masu yinsa. Can babu mai harbinsa, sai rana da ƙaiƙayi. Yakan dawo a rame, hannu duk kanta, ya wuce kai tsaye ɗakinta ya durƙusa. Amsar ba ta canja ba. Ya daina dukan mutane, amma dariyar ma ta tafi.

Ni abin ya fara cin raina. Ina ganin yadda yake fitowa daga ɗakinta yana dafa bango. Wata rana da ya fita, na shiga na same ta tana murza hannun da aka kwance, wanda bai koma daidai ba. Bakin nan nawa ya sake kubce min.

Na ce, "Inna, ya isa haka. Ba da gangan ya yi ba, kin sani. Kuma in gaskiya za a faɗa, wa ya zuba man? Za ki kashe shi da ranki."

Ban taɓa yi mata magana haka ba, na jira ta kore ni. Sai ta ce in saki labule in matso. Na matso. Hawaye ne ke bin fuskarta, ta bar su suna zuba.

Ta ce, "Kai ma ashe ba ka da wayo. Na yafe masa tun ina zaune a ƙasa, kafin ka ɗaga ni. Akwatinka ya mutu, da me kake so in riƙe shi? Ranar da na ce na yafe, ranar zai shiga motar nan."

Na zauna a bakin gadon.

Ta ce, "Kana tsammani daɗi nake ji? Ya durƙusa ina jin numfashinsa, hannuna yana so ya dafa kansa, sai in danne shi da ɗayan." Ta share fuska da bakin mayafi. "In yaƙin nan ya ƙare ina raye, ni zan faɗa masa da bakina. In na riga, kai za ka faɗa masa, a bakin kabari, kafin a zuba ƙasa. Kada ka bari ya kwana bai ji ba. Amma kafin nan in ka buɗe bakin nan naka, kai ne ba zan yafe wa ba."

Da la'asar ya dawo, ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban gadon, ya ce, "Yumma, ki yi min afuwa." Ta juya fuskarta bango. Ni kuma na tashi na fita, don kada ya ɗago ya ga tawa.